RA'AYINMU: Filin Wasa Ba 'Yan Kallo

A shekarar 1995 ne aka halatta biyan 'yan wasan zari-ruga albashi. Tun daga nan yawancin manyan ƙungiyoyin Ingila ke kashe fiye da abin da suke samu.

A dubi Wasps, wadda ta ci kofin Turai a 2004 da 2007. A 2014 ta ƙaura zuwa Coventry, ta karɓi filin da ke ɗaukar mutum fiye da 30,000, sa'an nan ta ci bashin fam miliyan 35 a 2015. Kujeru suka fi 'yan kallo yawa. Annobar korona ta rufe ƙofofi a 2020, amma bashi bai tsaya ba. A 2022 Wasps da Worcester suka durƙushe, London Irish ta bi su a 2023. Manyan ƙungiyoyi 13 suka koma 10, 'yan wasa da ma'aikata suka rasa abincinsu.

A ganinmu, wajibi ne hukumar wasan ta riƙa binciken littattafan kuɗin kowace ƙungiya, ta kuma hana gini ko albashin da ya fi ƙarfin cinikin tikiti. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Allah ya sa masu kunne su ji.