Wa Ya Mallaki Shirun Bakin Teku?

Babbar hanya mai lamba 101 tana bin gaɓar tekun Fasifik a jihar Oregon ta Amurka tun daga iyakar Washington har zuwa ta Kalifoniya, tafiyar kimanin kilomita 580. Matafiyin da ya bi ta da motarsa ba ya rasa masauki, domin jihar ta jera gandayen shaƙatawa a gefen hanyar, inda mutum zai kafa tanti ya kwana a kan kuɗin da bai kai na otal ba. A kudancin gaɓar akwai Cape Blanco, wani tsiri da ya kutsa cikin teku, mai hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya wadda aka fara kunna ta a 1870. Da ƙarfe goma na dare dokar yin shiru ta fara aiki a sansanin, har zuwa bakwai na safe. Daga nan sai iska da rugugin igiyar ruwa.

Akan ɗauka cewa nisa daga birni ne ya samar da wannan shiru. Tarihin gaɓar ya nuna cewa doka ce ta tsare shi, kuma an sha fama kafin ya tsaru.

A 1913 gwamna Oswald West ya shawo kan majalisar jihar ta ayyana bakin tekun a matsayin hanyar jama'a. Hujjarsa ita ce a wancan lokaci kekunan doki kan bi ta kan rairayi idan ruwa ya janye, saboda wurare da yawa ba su da wata hanyar. Duk wanda ya san matsayin burtali tsakanin gonaki zai gane dabarar: abin da aka kira hanya ba ya sayuwa, kuma ba a yi masa shinge. Sai dai dokar ta tsaya ne a kan jiƙaƙƙen rairayin da ruwa ke rufewa ya buɗe. Busasshen da ke sama, inda mutane ke zama su hura wuta, ba ta ambace shi ba.

An shafe shekara hamsin da 'yan kai ba wanda ya taɓa wannan giɓi, sai a 1966 wani mai otal a garin Cannon Beach ya kewaye rairayin gaban otal ɗinsa ya keɓe shi ga baƙinsa. Ƙorafin da ya biyo baya ya haifar da dokar bakin teku ta 1967, wadda gwamna Tom McCall ya tsaya mata tsayin daka ya kuma sa mata hannu. A 1969 kotun ƙolin jihar ta tabbatar da haƙƙin jama'a, ta kafa hujja da al'ada: mutane sun daɗe suna amfani da wannan rairayi ba tare da an hana su ba, don haka al'adar ta zama haƙƙi.

Su kansu gandayen aikin Samuel Boardman ne, wanda ya shugabance su daga 1929 zuwa 1950, yana bin masu filaye yana roƙo yana saye tun ƙasar gaɓa ba ta yi tsada ba. Abin mamaki, shi bai so a riƙa kwana a cikinsu ba, don yana tsoron a lalata su. Sai bayan ya yi ritaya aka fara gina sansanonin kwana. Magadansa ne suka yi daidai. Wurin da ba a kwana a cikinsa na maƙwabtansa ne kawai da masu halin kama otal. Tanti ne ya buɗe gaɓar ga malamin makaranta da iyalinsa da suka taso daga nesa.

A nan ne matsalar yau take. Ana iya kama wurin kwana ta intanet wata shida kafin ranar, kuma a fitattun gandaye wuraren Yuli da Agusta kan ƙare da wuri. Ga hukuma tsarin yana da amfani: ta san yawan masu zuwa, kuma iyalin da suka yi tuƙin awa biyar ba za su iso su tarar babu wuri ba. Wannan hujja ce mai nauyi. Amma wa ya san ranakun hutunsa wata shida kafin su zo? Ma'aikacin ofis ya sani, ɗan fansho ma haka. Ma'aikaciyar jinya da ake sauya wa lokacin aiki, ko mai dafa abinci a gidan cin abinci, ba su sani ba. Ba a kafa shinge ko ɗaya ba, amma an tace masu shiga. Ga kuma waɗanda ke kama wuri su ƙi zuwa, wurin ya kwana fanko alhali an mayar da wasu daga ƙofa.

Kuɗi ma yana tura al'amarin ta wannan fuska. Gandayen ba su dogara da harajin jiha na yau da kullum ba. Suna rayuwa ne da kuɗin da baƙi ke biya, da wani kaso na rajistar motocin kwana, da kuma ribar cacar jiha, wadda masu zaɓe suka amince a 1998 a ware kashi 15 cikin ɗari nata a raba tsakanin gandaye da kula da koguna. Hukumar da ke ci daga hannun baƙi dole ta so mai biya tun da wuri, kuma duk lokacin da gyaran bututu da banɗakuna ya yi tsada, ƙarin farashi ne mafita mafi kusa.

Gyaran bai buƙaci sabuwar doka mai girma ba, kuma samfurinsa yana nan cikin gandayen. Da yawansu suna da ɗan fili da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa da masu keke, ba a kama shi tun da wuri, wanda ya iso shi ke kafa tanti. Ya kamata a faɗaɗa wannan ga masu mota: kowane sansani ya bar wani kaso na wurarensa ga wanda ya iso a ranar, wurin da mai shi bai zo ba kuma a sake shi tun daren farko. Za a ɗan yi asarar tabbacin kuɗin shiga, wasu dararen wurare kaɗan za su kwana ba kowa. Majalisar jihar ce ya dace ta cike wannan giɓi daga baitulmali, tunda ita ce ta ce a 1967 gaɓar ta kowa ce.