Cinikin biri a sama ya koma cikin salula



Makon jiya ina fitowa daga gidan rediyo bayan na gama shiri, wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a nan Dakoro ta tare ni bakin ƙofa, ta miƙo mini salularta, ta ce in duba. Hoton firigo ne na hannu, fari tas, wanda aka saka a wani zauren WhatsApp na saye da sayarwa. Mai shi ya ce ma'aikaci ne a Maraɗi, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Yamai, shi ya sa zai kaɗar da shi a jika 90. Ya nemi kafin alƙalami jika 40, ya ce sauran sai kaya ya sauka tashar Dakoro. Ta kwashi adashinta ta tura. Da la'asar ya sake kira, wai direba ya ƙi ɗora kaya sai an ba shi jika 5, ta ƙara. Daga magariba layin ya daina shiga, har yau.

Ban ce mutane su bar ciniki ta waya ba, domin ni ma da ita na sayi moton da nake hawa, kuma duk wanda ya san kuɗin mota zuwa Maraɗi da dawowa ya san sauƙin da ta kawo. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka watsar da hikimar da muka gada. Ku shiga kasuwar bisashe ranar kasuwa. Baƙo daga Bermo ko Kornaka ba ya sayar da sa sai ta hannun dillali, wanda ya san shi, ya san masaukinsa, kuma idan gobe aka ce san nan na sata ne, wurin dillalin za a zo. La'adar da muke ba shi kuɗin wannan tsayawar ce. A Facebook da WhatsApp babu mai tsaya maka. Hoto kuwa ba shaida ba ne, kowa na iya ɗauko hoton kayan wani ya ce nasa ne.

Saboda haka ra'ayina shi ne mu nemo wa kanmu dillali. Idan kayan na Maraɗi, kusan kowane gida a garin nan yana da ɗan uwa, ko ɗalibi, ko direban da ya saba da shi a can. A ba shi jika ɗaya ko biyu ya je ya gani da idonsa, a jona firigon ya ji ya yi sanyi, a taka keken ɗinkin ya ga yana ɗinki, sannan kuɗi su fita. Mai gaskiya ba ya ƙin a zo a ga kayansa. Wanda ya ce yana sauri, wai wani ya riga ya taya, ku bar wa wanin.

Masu sayarwa ma ba su tsira ba, kuma nasu ya fi wuyar ganewa. Wani zai taya kayanki ba tare da ja-in-ja ba, ya turo hoton rasit ko saƙon da ya yi kama da na kamfanin tura kuɗi, ya aiko yaro ya ɗauka. Hajiya, kada kaya ya bar rumfarki sai kin duba asusunki da kanki, ko kin je wurin masu biya, ko NITA ne, ko Al Izza, ko Amana, ko Airtel Money, kuɗin sun shigo hannunki. Haka nan mai kira yana kuka wai ya turo miki kuɗi bisa kuskure ki mayar masa, ki ce ya nemi kamfanin. Lambar sirrin asusunki, da lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta saƙo, ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce daga kamfani yake. Wanda ya samu lambobin nan 6 ya ƙwace zaurenki da sunanki, ya shiga roƙon abokan cinikinki bashi.

Akwai kuma kayan sata. Araha ba ta ado, wani lokaci ma har gidan kaso take kai mutum, domin doka tana hukunta wanda ya karɓi kayan da ya san na sata ne, kuma kafin ka wanke kanka ka sha zirga-zirga. Moto sai da takardar saye da ta duwan, a gwada lambar da ke jikin ƙarfe da ta takarda. Salula kuwa a danna *#06#, lambobi 15 za su fito, a rubuta su a takardar ciniki tare da lambar katin ɗan ƙasa na mai sayarwa da shaidu biyu.

Abin da ya fi taimaka wa mazambata shi ne kunyarmu. Wanda aka cuta sai ya yi shiru don kada a ce ba shi da wayo, gobe a cuci maƙwabcinsa da wannan hoton. Alhali Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet. Yawancinmu mun san ta ne a kan zagi da ɓata suna, amma zamba ma tana ciki. Layin waya kuma ana yi masa rajista da katin shaida, shi ya sa nake roƙon iyaye mata su daina ara wa yaran unguwa katinsu don sayen layi, kada wata rana a bi sawun ɓarawo a tsaya ƙofar gidansu.

Ita dai baiwar Allahn nan ba ta goge komai ba, saƙonnin murya da lambar da rasit biyu duk suna nan. Na raka ta ta kai ƙara, ta kuma yarda in faɗi labarinta ba tare da suna ba. Ƙanƙara har yanzu a firigon maƙwabciya take sakawa tana biyan haya, kuma saura wata bakwai ta gama zubin adashin.