Wa ya ce gwani ba ya dariya?

Akwai wani hukunci da masu sharhin kiɗa na Ingila suka yanke tun wajejen 1977, aka yi ta kwafarsa daga littafi zuwa littafi har ya zama hadda. Wai makaɗan rok mai dogon zango, wato su Yes da Genesis da Jethro Tull da Pink Floyd, mutane ne masu ɗaure fuska da ji da kai, waɗanda suka ɗauki kiɗan samari suka naɗa masa rawani, sai da matasan pank suka zo suka warware shi. Hujjar ba ta wuce tsawon waƙoƙi ba: idan waƙa ta kai minti ashirin, in ji su, mai ita ya manta da dariya. Wannan hukuncin malalata ne, kuma fayafayan da kansu suna ƙaryata shi.

A duba abin da Jethro Tull suka yi a 1972. Shekara guda kafin nan sun fitar da faifan Aqualung, sai masu sharhi suka dage cewa dukan waƙoƙinsa jigo guda suke ɗauke da shi mai zurfin falsafa. Jagoran ƙungiyar, Ian Anderson, mai busa sarewa tsaye da ƙafa ɗaya, ya musa, ba a saurare shi ba. Da ya ga haka sai ya ƙudura ba su abin da suke nema har ya gundure su. Ya fitar da Thick as a Brick, waƙa ƙwaya ɗaya mai fiye da minti arba'in, ta cika faifan ciki da bai. Ya ce baitocin ba nasa ba ne, na wani yaro ne ɗan shekara takwas mai suna Gerald Bostock, yaron da ba a taɓa haihuwa ba. Bangon faifan kuwa jarida ce ta ƙarya mai shafi 12, da labaran ƙauye da tallace-tallace, da rahoton yadda aka ƙwace wa yaron kyautar gasar waƙa. A dandamali ma, ana tsakiyar kiɗa sai wayar tarho ta yi ƙara, kowa ya dakata a amsa. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, kuma mutane da yawa sun gaskata labarin yaron. Su masu sharhin da aka yi gatsen dominsu, da dama sun lissafa faifan cikin shaidun girman kai. An yi wa kurma habaici, ya tashi yana cewa ba a yi magana ba.

Abin da ya kamata malami ya lura da shi a nan shi ne, ba'ar ba ta rage wa kiɗan nauyi ba. Wanda bai iya abu ba, ba zai iya kwaikwayonsa har a yi dariya ba. Mai sauraron Hausa ya san wannan a wurin ƴan kama, waɗanda sai sun naƙalci ƙira'ar malamai kafin su juya ta zuwa wa'azin tuwo da miya. Amma a aji, sau nawa ake karantar da Molière fuska a murtuke, kamar ana karanta sammaci, don gudun kada ɗalibai su raina darasin? Cutar ɗaya ce da ta masu sharhin Landan.

Ba a ce babu kumburi a cikin salon ba. A 1973 Yes sun fitar da Tales from Topographic Oceans, waƙoƙi huɗu kacal a fayafai biyu, tushensu wani ɗan bayani a gindin shafin littafin wani malamin Indiya. Sai dai wanda ya fara yi masa dariya ɗan gida ne. Rick Wakeman, mai kaɗa musu fiyano da ogan, ya gaji a tsakiyar wasa a Mancesta, ya buɗe abinci ya ci a gaban jama'a, sannan ya bar ƙungiyar a 1974. Daga baya ya yi suna a talabijin ɗin Ingila wajen ban dariya. Peter Gabriel na Genesis ya fito a 1972 da kan yanyawa da jar rigar mata. A Faransa, ƙungiyar Gong ta Daevid Allen ta cika fayafai uku da tatsuniyar ƴan aljannu masu tafiya cikin butar shayi mai tashi sama. Frank Zappa kuwa, wanda ƙwararrun makaɗa ke gumi kafin su iya abin da ya rubuta, a 1986 ya sa wa faifansa suna da tambaya, ko raha na da gurbi a kiɗa.

Har aljihunsu ya ba da shaida. Lokacin da ƴan wasan barkwanci na Monty Python suka rasa mai ɗaukar nauyin fim ɗinsu na 1975, wanda ke ba'a ga tatsuniyar Sarki Arthur, Pink Floyd da Ian Anderson suna cikin waɗanda suka zuba kuɗi. A shekarar ce kuma Wakeman ya kai nasa kiɗan na Sarki Arthur zauren Wembley, da mayaƙa cikin sulke suna zamiya a kan ƙanƙara.