Jirgin da ake tuƙawa da waya biyu: zare kan gasar F2B

1/ Jama'a, akwai wani wasa da na san yawancinku za ku ce na tsofaffi ne a wannan zamani na duron. Ƙaramin jirgi ne ɗaure da siraran wayoyin ƙarfe biyu, tsawonsu bai wuce mita 21.5 ba. Matuƙi na tsakiyar da'ira riƙe da mariƙi, yana juyawa tare da jirgin. Ba rimot.

2/ Abu ɗaya tak hannunsa ke sarrafawa: fiffiken jela. Ya karkata wuyan hannu sama, jirgi ya tashi. Ƙasa, ya sauko. Da wannan kaɗai ake zana zobe, murabba'i, alwatika, lamba 8, har da wata siffa kamar kalangu, duk cikin minti 7. Ƙasan siffofin kuma kusan mita 1.5 ne daga ƙasa. Kuskure kaɗan, aikin watanni ya zama itacen girki.

3/ Jim Walker ne ya yayata abin a Amurka wajen 1940. A shekarun 1950 George Aldrich ya fito da jirginsa Nobler, kuma jerin siffofin da ake yi yau daga wannan zamanin ya samo asali. Hukumar FAI ta fara gasar duniya a 1960 a Hangare, Louis Grondal na Beljiyam ya cinye, ya maimaita a 1962.

4/ Lokacin yaƙin cacar baka ne fa. Duk da haka Yuri Sirotkin na Tarayyar Sobiyet ya ci a 1964, Josef Gabris na Cakoslobakiya ya ɗauki 1966 da 1968, sannan Amurkawa suka mamaye shekarun 1970. Daga baya Sin ta shigo da ƙarfinta: Han Xinping sau biyar a jere, 1994 zuwa 2002.

5/ Amma wanda ya fi tsaya min a rai Bill Werwage ne. Ya ci 1970, ya ci 1972, ya dawo ya ci 2004. Shekara 34 tsakanin na farko da na ƙarshe! Ku nuna min wani wasan da hakan zai yiwu. Ya yiwu ne don jarrabawar ba ta canza sosai ba, hannu da ido ake aunawa.

6/ Shi ya sa nake ganin rashin sauyin nan shi ne darajar wasan. Masu cewa ya tsufa, a sabunta, ai abin da ya riƙe shi suke son cirewa.

7/ Ban ce ba matsala ba. Alƙalai ne ke ba da maki da ido, kuma ido kan so wanda ya sani. Wannan kam gaskiya ne.

8/ Inda nake ɗan ɗar-ɗar shi ne lantarki. Igor Burger na Slobakiya ya ci 2012 da jirgi mai batir, kuma yanzu akwai na'urar da ke ƙara wa injin ƙarfi da kanta idan jirgi na hawa, ta rage idan yana gangarowa. Batir bai dame ni ba, ya ma rage ƙarar da ke sa maƙwabta su kori 'yan wasa daga fili.

9/ Amma a ja layi a nan. Na'ura ta daidaita gudu, to, an yarda. Ranar da aka bar ta ta taɓa fiffiken jela, wallahi ba sauran dalilin jera sunan sabon zakara kusa da na Grondal.