Kafin a ci bashi da sunanmu, a baje mana lissafi a faifai

Tun watan Fabrairun 2025, da Gwamnatin Tarayya ta karɓi tsohuwar Jami'ar Nok daga hannun hukumar EFCC ta mai da ita Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a nan Kachia, hirar gari ta koma kan fili da ɗaki. Dillalai sun sami bakin magana, masu gidan haya sun fara lissafin ƙari. A teburin mai shayi da ƙofar masallaci kuwa sai ka ji ana cewa ai lokaci ya yi da ƙaramar hukuma za ta ciwo bashi ta gina rukunin gidaje, tunda Kotun Ƙoli ta ba ta 'yancin kuɗinta. Wasu 'yan boko har da kawo misalin biranen Amurka, wai can hukumar birni takardun lamuni take sayarwa ta gina hanyoyi da makarantu.

Mu mutanen wannan unguwa muna murna da jami'ar nan. Ɗalibi zai sayi shinkafa a shagonmu, malami zai kama haya a gidanmu, mai acaɓa da mai wanki duk za su samu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki bashi da sunanmu, ko a yanka fili a raba, alhali ba a baje mana lissafi ba. Kuma yanzu muke faɗa, tun ba a sa hannu a kan komai ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da takardar lamunin kanta, don da yawa ana jin sunan ba a san cikinta ba. Hukuma ce za ta buga takarda ta sayar wa bankuna da kamfanonin fansho da masu kuɗi, ta karɓi kuɗinsu yau, ta riƙa biyan su ruwa duk shekara, ranar da wa'adi ya cika ta mayar da uwar kuɗin. A Najeriya masu ba da irin wannan bashi ba sa sakin kuɗi sai an sa musu hannu a kan umarnin da ba a janyewa, cewa a riƙa cire nasu tun daga kason wata-wata kafin ya iso. Ma'ana, mai bin bashi ne zai fara ɗiba, sannan malamin firamare da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi su jira abin da ya rage. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. To ku ɗauka ma an yi sa'a an sami bashin naira biliyan 1 a kan kashi 20: ruwa kaɗai naira miliyan 200 ne duk shekara, uwar kuɗi tana nan ba ta motsa ba. Ciyaman ɗin da ya sa hannu zai gama wa'adinsa ya tafi, bashin ya zauna da mu da 'ya'yanmu.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Ranar 30 ga Maris 2024, Gwamna Uba Sani ya faɗa da bakinsa a taron jama'a a Kaduna cewa ya gaji bashin dala miliyan 587, da naira biliyan 85, da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba. Ya ce a cikin naira biliyan 10 da jiha ta samu daga Abuja a wannan watan, biliyan 7 bashi ya cinye, abin da ya rage ko albashi bai kai ba. Bashin Bankin Duniya na dala miliyan 350, da bankin ya amince da shi a 2017, lokacin dala tana wajen naira 305 ne a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Babban aikin sabunta birane da aka ƙaddamar a 2019 kuwa Kaduna da Zariya da Kafanchan ya shafa. Kachia ba ta cikin ukun, amma da aka zo biya ba a ware kowa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Masu misali da Amurka kuma rabin labarin suke bayarwa. Birnin da ke sayar da takardun lamuni a can yana da rajistar kowane gida, yana karɓar harajin gidaje, ana bincika littafinsa duk shekara a buga kowa ya gani, a wurare da yawa ma sai mazauna birni sun jefa ƙuri'a sun yarda kafin a ci bashin. Duk da haka birnin Ditroyit ya je kotu a 2013 ya ce ya tsiyace, da bashin kusan dala biliyan 18 a wuyansa, har fanshon tsofaffin ma'aikata aka zaftare. In masu littafi a buɗe sun faɗi haka, ina ga wanda ba a taɓa karanta masa lissafi ba?

Ba mu ce kowane bashi sharri ne ba. A 1992 Ƙaramar Hukumar Tsibirin Legas ta sayar da takardun lamuni na naira miliyan 100 don gina kasuwar Sura, wato abin da ke kawo kuɗin hayar shago. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da Sukuk na naira biliyan 100, aka ɗaure kuɗin a kan hanyoyi 25 masu suna, kuma tsarin ya kauce wa riba, abin da ke damun da yawa daga cikinmu. Abin lura a duka biyun: an san aikin, an san kuɗinsa, an san inda biya zai fito. Wannan shi ne ma'aunin da muke so a auna duk wata shawarar bashi da shi a Kachia.

Sai zancen gidaje. Dattawanmu suna tune da gidajen Shagari na farkon shekarun 1980, waɗanda aka yi ta ginawa a jihohi, da yawansu a bayan gari inda babu ruwa babu hanya, wasu suka shekara da shekaru ba kowa sai jemagu. Rukunin gidajen gwamnati in an gama shi, wa ke samu? Mai dogon hannu ne da wanda ya san wani. Mai sayar da citta a buhu, da mahauci, da tela, sai dai su gani daga titi. Alhali gina ɗaki ba abin da ya gagari mutanen garin nan ba ne. Ku ba ɗan kasuwa fili mai takarda, da hanya, da magudanar ruwa, ku ga in bai tayar da ɗakunan ɗalibai kafin damina ta zagayo ba, da kuɗin aljihunsa.

Abin da ɗan kasuwa ba zai iya yi shi kaɗai ba, shi ne tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu: tituna na cikin gari, magudanun ruwa, kasuwa, tashar mota, mayanka, banɗakin jama'a, kwashe shara, maƙabarta, sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Waɗannan ba su da daɗin yanka kintinkiri a gaban kyamara, amma su ne gari. Garin da ya riga ya ɗauki makarantar sojan atilare da ta sojan ruwa, yanzu ga jami'a ta ƙaru, kwata da ruwan sha da shara za su fara nuna gajiyarsa tun kafin rashin ɗaki. Kuma kada a manta cutar da ta ci gonakin citta a 2023 ta karya manoma da 'yan kasuwa tare. Aljihun da za a tatsa a biya bashi bai gama farfaɗowa ba.

Maganar fili ta fi ta bashi nauyi, kuma a nan muke so a saurare mu da kyau. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamnati ikon karɓe gona don amfanin jama'a, diyyar kuma ta amfanin gona da gini ce, ba ta ƙasar ba. To in aka karɓe gonar manomi a gefen gari da sunan aikin jama'a, aka ba shi kuɗin 'yan itatuwa, bayan shekara biyu ya ga an yanka ta fuloti-fuloti ana sayarwa da tsada, wa zai kalla da baƙin ciki? Wanda ya yi rabon ya shige ofis. Wanda manomin zai gani kullum shi ne wanda ya saya ya kafa tubali, kuma sau da yawa ɗaya daga cikinmu ne. Maƙwabtanmu na Zangon Kataf sun ɗanɗana wannan. Rikicin Fabrairun 1992 a kan shawarar ƙaramar hukuma ta sauya wa kasuwa wuri ya faro, zuwa watan Mayu an yi asarar rayukan da har yau ba a gama jimaminsu ba, ta kowane ɓangare. Shawarar inda za a sa kasuwa ko unguwa a Kudancin Kaduna ba ƙaramar magana ba ce. Rabon da aka yi a ɓoye, gaba yake haifarwa tsakanin maƙwabta.

Mun san akwai masu cewa, ku da kuke baƙi ina ruwanku da kuɗin ƙaramar hukuma? Amsarmu gajeruwa ce. A nan aka binne kakanninmu, a nan muke biyan kuɗin rumfa da na tasha, a nan muke jefa ƙuri'a. Ranar da aka fara cire bashi daga kaso, ba za a tambayi Adara ne ko Ham ko Bajju ko Kuturmi ko Bafulatanin Ladduga ko Bahaushe ba. Kwatar da ta toshe ba ta san masallaci ko coci ba. Shi ya sa buƙatarmu ba ta unguwa ɗaya ba ce.

Ranka ya daɗe ciyaman, da kansilolinmu, ga abin da muke nema. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa a faɗin ƙasa. Ko ta wace hanya kuɗin ya iso, a manna a allon sakatariya da bakin kasuwa duk wata: nawa ya shigo, nawa aka tara a cikin gida, me aka yi da shi, da Hausa da Turanci. Na biyu, kada majalisa ta amince da wani bashi sai an yi taro a kowace mazaɓa an faɗi adadi, da ruwa, da wa'adi, da inda biya zai fito. Na uku, duk sabon shatin fuloti a baje taswirarsa kowa ya gani, a sallami masu gona kafin a kafa turke, a bayyana sunayen waɗanda suka samu, a kuma ware wurin makaranta da asibiti da hanyar ruwa tun farko. Na huɗu, kwata da ruwa da kasuwa su riga rukunin gidaje shiga kasafi. Ba alfarma muke roƙo ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar ya rubuta ya tambaya a ba shi amsa cikin kwana 7, kuma Jihar Kaduna da kanta ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe na duniya tun 2018.

Ku kuma 'yan'uwa, akwai naku aikin. Mai gida ya nemi takardar filinsa a KADGIS, takardar dillali da shaidu biyu ba za ta tsaya masa ba ranar da aka zo da taswira. Kada kowa ya sayi fuloti don an ce kusa da jami'a ne sai ya ga mai gonar ido da ido. In kun biya kuɗin rumfa ku karɓi rasit ku adana. In an kira taron kasafi, a rufe shago na awa biyu a je, matasa masu karatu su riƙe biro su rubuta abin da aka faɗa. Limamai da masu unguwa su nemi takwarorinsu na coci da sauran unguwanni, a tafi sakatariya da takarda ɗaya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da Kachia lafiya. Amin.