Ɗalibin likita ba masinja ba ne: aikin da ya kamata manhaja ta ɗauke masa, da wanda bai kamata ta taɓa ba

A hutun da ya wuce wata ƙanwata da ke aji biyar a karatun likita ta zo gida Dodoru. Na tambaye ta abin da ya fi cinye mata lokaci a asibitin da suke koyon aiki, ina zaton za ta ce karatu. Sai ta ce: “Yaya, yawo.” Ta je ɗakin ajiyar fayil neman katin mara lafiya, ta kai jini ɗakin gwaji, ta koma karɓo sakamako a ce bai fito ba. Sunan mutum ɗaya da shekarunsa da lambarsa sai ta rubuta a takardu huɗu ko biyar. Kafin ta dawo, babban likita ya wuce gadon da ta fi son jin bayaninsa.

Wannan magana ta shafe mu duka. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 ta kuma fara aiki a Kalgo, tana horar da likitoci, haka ma Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Shekara shida ake karatun, sannan shekara ɗaya ta gwajin aiki a ƙarƙashin manya. Waɗannan ɗalibai su ne za su duba iyayenmu gobe a Gwandu da Kalgo. Duk awar da ta tafi a neman fayil, daga lokacin koyon duba mara lafiya aka cire ta.

Sai dai rubutun asibiti kashi biyu ne, kuma mu masu haɗa manhaja mun cika cuɗa su.

Kashi na farko shi ne ɗaukar tarihin mara lafiya. Ɗalibi zai zauna ya tambayi yaushe ciwon ya fara, me ke tayar da shi, wane magani aka sha a gida, ya duba jiki da hannunsa, sannan ya rubuta cututtukan da yake zargi da dalilinsa. Wannan rubutu shi ne karatun kansa. A nan malami ke gane ko ɗalibi ya yi tunani ko hadda kawai ya zuba. Ga kuma aikin harshe: tsohuwa za ta ce “iska ce” ko “zuciyata na tashi”, shi kuma dole ya ƙara tambaya har ya gane abin da take nufi kafin ya sa a Turanci. Wanda ya miƙa wa ChatGPT wannan aikin ya cuci kansa, domin ranar da aka tura shi asibitin ƙauye shi kaɗai da tsakar dare, ba sabis, abin da ke kansa kawai zai yi aiki da shi.

Kashi na biyu shi ne maimaici: kwafar suna da lamba, cike fom iri ɗaya, safarar takarda daga wannan gini zuwa wancan. Babu ilimin da ake ƙaruwa da shi a karo na hamsin. Wannan ne aikin kwamfuta. Lamba ɗaya ga kowane mara lafiya, alamar QR a jikin katinsa, sakamakon gwaji ya bayyana a na'urar ɗakin kwanciya da zarar ya fito. Ba sai an ƙirƙiro komai daga tushe ba. OpenMRS manhaja ce ta kyauta da aka fara tun 2004 domin asibitocin ƙasashe irin namu, kuma Najeriya ta daɗe tana tattara alƙaluman lafiya da DHIS2, wadda ake kula da ita daga Jami'ar Oslo.

Wani zai ce to a watsar da takarda gaba ɗaya, a huta. A nan nake taka birki. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya gano cewa a kan kowace awa ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya, yana kashe kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Can akwai wuta, akwai intanet, amma manhajar ta zama sabon nauyi. Ni ma na ɗanɗana. Na taɓa haɗa wa ƙanwata 'yar manhajar lissafa ayyukan da ta koya, irin ɗinki da sa ƙarin ruwa. Saboda zumuɗi na cika ta da gurabe, kuma ba ta buɗewa sai da data. Ko mako ba a yi ba ta koma littafinta. Laifina ne: ban taɓa tsayawa na ga yadda ake aiki a ɗakin marasa lafiya ba.

Akwai kuma hanyar da ta fi kowacce sauƙi, ita ce ta fi haɗari: ɗaukar hoton fayil a tura ta WhatsApp. Hoton zai zauna a wayarka, ya hau Google Photos, wata rana ƙaninka ya ari wayar ko ka kai ta wurin mai gyara. A garuruwa irin namu da kowa ya san kowa, sakamakon gwaji ɗaya da ya fita zai iya kashe aure. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan mara lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu. Idan tambaya za ka yi wa na gaba da kai, rubuta abin da ka gani ba tare da suna, lamba ko fuska ba.

Ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja, shawarata uku ce. Ta yi aiki ko babu intanet, ta aika bayanai in sabis ya dawo. Kada ta tambayi abu ɗaya sau biyu. Kuma kafin ka rubuta layi ɗaya, nemi izini ka yi yini guda a asibiti kana kallo.

Ga shugabannin asibitocin koyarwa: duk kamfanin da ya kawo muku tsari, ku tambaye shi minti nawa zai mayar wa ɗalibi a bakin gadon mara lafiya. In ba shi da amsa, ku dakata da sa hannu.