Gambo Sawaba da Bashin da Kano Ba Ta Gama Biya Ba

Duk macen da ta bi layin zaɓe a Jakara ko Ƙofar Mata a yau, tana cin moriyar wahalar da Hajiya Gambo Sawaba ta sha. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, wannan baiwar Allah 'yar Zariya ta riƙa shiga gidaje tana wayar wa matan kulle kai game da ilimi, auren dole da 'yancin jefa ƙuri'a. Tukuicinta shi ne kotun alƙali, kurkuku da kora daga Kano. Matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai a 1976, alhali takwarorinsu na Kudu sun fara tun shekarun 1950. Masu cewa wannan fafutuka aƙidar Turawa ce, tarihi bai goyi bayansu ba. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, tana tura malamai mata ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu. Ilimi da adalci a gidan aure da Gambo ta nema, Musulunci ya riga ya ba mace. Saura majalisar dokokin Kano ta samar da dokar iyali mai kare zawarawa da 'ya'yansu.